Ƙurar MDF ta hana ni barci, ya kuke yi a shagunanku?

Kafintan Na'ibawa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da damuwa, kuma na san a nan zan samu waɗanda suka san abin da nake faɗa. Shekarata 13 a aikin kafinta, huɗu daga ciki a shagon kaina kusa da 'Yan Katako. Da can ƙofofi da kujeru muke yi da katako zalla. Yanzu kusan duk aikin da ke shigowa kayan ɗakin amare ne, gado da sif da madubi, kuma kowa allon nan na kamfani da ake kira MDF yake so. Tun da muka koma shi ƙurar shagon ta canja. Ba dusar nan mai nauyi da ke zuba ƙasa a kwashe a buhu ba ce, wani gari ne mai laushi kamar hoda, ko akwatin kayan aiki ka rufe sai ka tarar da shi a ciki.

Wata uku ke nan ina tari da daddare, ƙirjina yana shaƙewa. Da Sallah na yi kwana biyar ban leƙa shago ba, tarin ya lafa, ran da na koma ya dawo. Amma abin da ya fi tayar min da hankali yaron da ke mana gugar samfefa ne. Jiya ya fyace majina na ga ta yi ruwan ƙasa, ya ce ai kullum haka take. Amana iyayensa suka ba ni. Shagon ƙofa ɗaya, taga ɗaya, fankar sama ɗaya. Don Allah a ba ni shawara.

Baba Mai Zarto:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ka lafiya. Mu yadda muka taso a Zariya, idan an tashi aiki maigida zai sayo madarar gwangwani a raba wa yara, tana wanke ƙirji. Na haura shekara 40 a sana'ar nan da wannan ɗabi'ar. Ka riƙa sha kai da yaron, ka kuma ɗaura ƙyalle a hanci.

Anti Nas:
Baba, ina neman afuwa, zan ɗan saɓa maka. Madara abinci ce mai kyau, a sha. Amma ciki take tafiya, ita kuwa ƙura huhu take tafiya, hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro. Babu yadda abin da ya sauka tumbi zai wanke abin da ya maƙale a huhu. Na daɗe ina aiki a sashen masu ciwon ƙirji, maganar madarar nan na ji ta a bakin masu walda, masu fenti da masu fasa dutse, kuma da yawansu saboda ita suka makara zuwa asibiti.

Ƙanena mai tambaya, maganar Sallar nan da ka yi ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Tarin da ke lafawa idan an bar wurin aiki, ya dawo idan an koma, yana cikin manyan alamomin asmar da sana'a ke jawowa. Ba na yanke maka hukunci daga waya. Ka je asibiti a makon nan, ka faɗa wa likita sana'arka da kuma wannan labarin na hutun Sallah daidai yadda ka rubuta mana. Tarin da ya wuce mako biyu kuma sai an gwada kaki don a cire shakkar tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ka tafi da yaron.

Baba Mai Zarto:
'Yata, ban ƙi maganarki ba, ke kika karanta. To amma mu da muka yi shekarun nan, me ya tsare mu?

Injiniya:
Baba, bari in tambaye ka. A zamanin da kake ganiyar aiki, da me kuke kankare katako, kuma a ina kuke aikin?

Baba Mai Zarto:
Da hannu mana. A rumfa a bakin titi, iska ta ko'ina. Abin kankarewa na hannu, idan ka wasa shi da kyau, sai ka ga katako yana fita a nannaɗe kamar ganye, yara suna ɗauka suna wasa da shi. Tsaga kuma mu kai wa masu inji, mu dawo mu ƙarasa da zarto.

Kuma tun da ka sa na tuna, gaskiya ba dukkanmu muka tsira ba. Akwai abokin aikina da ya koma wajen masu injin tsaga, bai kai hamsin ba ya ajiye sana'ar, ko masallacin unguwa zai je sai ya tsaya ya huta a hanya. Mun ce sanyi ne ya kama masa ƙirji. Allah ya jiƙansa.

Injiniya:
Amin Baba. To ka ga amsar tana cikin maganarka. Abin da ya fita a nannaɗe ba ya shiga hanci. Injin samfefa da injin yanka masu gudu ne ke niƙa katako ya zama gari, sannan muka shige da aikin cikin ɗaki mai rufin kwano muka rufe.

Ga yadda abin yake. Ka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kaso shi ake kira maikiron. Kaurin gashin kai wajen 70 ne. Ƙurar da ta gaza maikiron 10 ido ba ya ganin ta a hasken shago, kuma ita ce ke wuce gashin hanci ta gangara ƙirji. Dusa mai nauyi nan take take faɗuwa, ita wannan tana yawo a iska tun bayan an kashe inji da daɗewa. Shi ya sa za ka share tas da yamma, da safe ka ga hoda ta kwanta a kan benci.

A Ingila dokar wurin aiki ta ce ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da bisa, a matsakaicin aikin awa takwas. A ƙasashen Tarayyar Turai an sauke ta zuwa 2 tun 2023. Ɗauki shago mai mita 6 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a bisa. Da awon Ingila, lissafin ya ba ka miligiram 216 a duk iskar shagon. Bai kai rabin abin da ke cikin ƙwayar farasitamol ɗaya mai 500 ba. Yanzu ka tuna abin da ke tashi idan yaro ya yi rabin awa yana gugar murfin sif.

Wanda yake shakka ya gwada da kansa. Bayan an gama guga, a tura ƙofa shago ya ɗan yi duhu, a haska tocila mai ƙarfi daga gefe, a tsaya a kalli cikin hasken.

Na Maraɗi:
Injiniya, mu nan da hunturu hazo kaɗai ya isa ya toshe wa mutum hanci, garin duka sai ya yi fari. Wanda ke shaƙar wannan tun yana yaro, ta katako za ta ƙara masa wani abu? Ƙura ai ƙura ce.

Anti Nas:
Hazo ma yana cutarwa, da hunturu masu asma suka fi cika mana ɗaki. Amma na 'yan watanni ne, kuma kai kana ɗora ta shago ne a kansa, kwana shida a mako, shekara da shekaru. Sannan ita ta katako tana ɗauke da sinadaran itacen. Obece sananne ne wajen jawo asma ga masu aikinsa. Loko, wanda 'yan kudu ke ce wa iroko, yana sa ƙaiƙayin fata da ciwon ƙirji. Mansoniya har haɓo take sa wasu. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 1995. Kansar cikin hanci ce, ba ta da yawa a cikin jama'a, amma a shekarun 1960 likitoci suka lura tana yawaita a tsakanin masu ƙera kujeru na wani gari a Ingila, High Wycombe, daga nan binciken ya faro. Tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta bayyana, don haka yaron da ya fara guga yana ɗan 15 shi ne ke da doguwar hanya a gabansa.

Ɗan Zango Kumasi:
Anti ta faɗi gaskiya game da obece, mu nan wawa muke ce masa, loko kuma odum. Ni wawa ne ya kore ni daga aikin rufi. Da zarar an fara tsaga shi, atishawa, ido ya yi ja, da dare numfashi ya gagara. Wani katakon ba ya min haka. Tun da aka tashe mu daga Anloga aka mayar da mu Sokoban wurin ya fi faɗi, amma dusar tana nan tuli-tuli, kuma idan aka cinna mata wuta hayaƙin ya fi ƙurar muni. Shawarata ga ɗan'uwa, ya lura ko akwai katakon da ya fi tayar masa da tarin, ya rubuta a takarda ya kai wa likita.

Kafintan Na'ibawa:
Na gode ƙwarai. Ni dai MDF nake zargi. Shi me ke cikinsa ne?

Injiniya:
Katako ne aka niƙa ya zama zare-zare, aka cakuɗa da gam aka matse da zafi. To ka ga tun asali gari ne, kana yankawa yana komawa garinsa. Gam ɗin kuma yawanci yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, shi ne warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye idan an buɗe sabon bandir. Kada a tara sababbin alluna a ɗakin da yara ke kwana.

Ɗan Panteka:
An yi bayanin cuta, bari mu masu ƙarfe mu zo da magani. Maigida, abu na farko ka kashe fankar saman nan lokacin yanka da guga. Ba ta fitar da komai, juya ƙurar kawai take yi tana raba wa kowa. Abin da kake buƙata fankar da ke jan iska ta fitar waje, a bangon da ke fuskantar ƙofa, iska ta shigo ta ƙofa ta fita ta can. Bencin guga ya zauna dab da fankar, mai guga kuma iska ta riƙa zuwa masa daga baya ko daga gefe. Idan ya tsaya tsakanin katako da fanka, duk ƙurar ta fuskarsa za ta bi.

Na biyu, kuma shi ne babba, a kama ta tun a bakin inji kafin ta tashi. Mu nan Kaduna muna haɗa shi da durom na ƙarfe mai lita 200. A murfin ana fasa huda biyu. Bututun da ya taho daga inji yana shiga ta gefe a karkace, don iskar ta riƙa zagaya cikin durom kamar guguwa. Ɗaya bututun yana tsakiya, shi ke zuwa bulowa, wato injin da ke zuƙo iskar. Dusa mai nauyi ta bugi bango ta zube ƙasa, iska ta wuce. Motar lantarki mai ƙarfin doki ɗaya zuwa biyu ta isa inji ɗaya a lokaci guda. Bututu inci 4, gajere, kada a cika masa lanƙwasa, kowace kwana tana cin ƙarfin ja. Murfin kuma a sa masa robar tayar mota ya kama gam, in yana shan iska aikin banza ne.

Injiniya:
Daidai. In ƙara abu ɗaya: iskar cikin bututun tana son gudun wajen mita 20 a daƙiƙa, in ba haka ba dusa ta kwanta a ciki ta toshe. Kuma durom ɗin mai nauyi yake kamawa. Mai laushin, wadda muke tsoro, da yawanta tana bin iska ta fita ta bulowa. Idan ka ɗaura mata buhun yadi a cikin shago, ta ramukan yadin za ta dawo maka. Dole bakin fitar ya kasance a waje.

Maman Ɗalibai:
A waje ina? Ku yi haƙuri in shigo, ni ba kafinta ba ce, mijina ne ya sa ni a zauren nan saboda muna kiwon kaji muna sayen dusa. Bayan gidanmu akwai shagon kafinta, bara suka fasa bango suka sa irin fankar da kuke faɗa, bakinta saitin tsakar gidanmu. Shanya ba ta yiwuwa, randa sai a rufe, abinci in aka ajiye minti goma ya yi fari. Ƙaramar 'yata mai shekara huɗu tun lokacin ba ta rabu da mura ba. Mun yi magana har sau uku, sai da mai unguwa ya shiga. Ku da kuke ba da shawarar a fitar waje, ku riƙa tunawa wajen nan gidan wani ne.

Ɗan Panteka:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma laifina ne da ban faɗa ba. Ba a saita shi gidan mutane ko hanyar wucewa. Yadda muke yi, a bayan shago ake gina ɗan akurki na bulo ko kwano, a sa buhun tacewa mai kauri a ciki, iska ta fita ta sama, gari ya zauna a buhu. Wanda ba shi da filin wannan, to ya sayi matacin kirki ko ya kai gugarsa wani wuri. Allah ya ba yarinya lafiya.

Anti Nas:
Amin. Hajiya a kai ta a duba ƙirjinta. Kuma tun da kina sayen dusa, ki riƙa tambaya. Wadda ta fito daga MDF ko katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara ba ta dace da shimfiɗar kaji ba, ba ta dace da murhun girki ba. Ta katako zalla mai faɗi-faɗi ita ce taku.

Na Maraɗi:
Duk na ji, amma bulowa da wuta take aiki. Mu wuta sai ta yini ba ta zo ba, janareto kuma da ƙyar yake ɗaukar injin yanka shi kaɗai. Talaka ya zai yi?

Baba Mai Zarto:
Wannan kam ina da abin cewa. Ka fitar da guga waje ƙarƙashin rumfa, ka duba inda iska ke kaɗawa ka ba ta baya. Ka wasa haƙoran zarto a kan lokaci, dakusasshen zarto niƙa yake yi, ga ƙona katako. Inda za ka iya kankarewa da hannu, kankare, samfefa ta zama ta ƙarshe kaɗan. Shara kuma kada yaro ya ɗauki tsintsiya a busasshen ƙasa, a yayyafa ruwa tukuna, a kwashe da shebur. Mu da asuba muke yi kafin a fara aiki, lokacin komai ya kwanta.

Injiniya:
Baba ya gama magana. Sai dai in roƙi masu kwamfaresa su daina hure benci da tufafinsu da ita in an tashi. Duk abin da ya kwanta sai ka tayar da shi lokaci ɗaya saitin fuskarka. Tsumma mai laima ya fi. Janareto kuma waje, nesa da tulin dusa. Hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ji wari ba, garin katako kuma idan ya cika iska ya haɗu da tartsatsi yana kamawa lokaci guda. Kada a wasa ƙarfe kusa da bakin bututun durom.

Yaron Shago:
Salamu alaikum iyayena. Ni ɗan koyo ne, shekarata biyu. Duk abin da kuke faɗa mu ne a ciki, domin guga aikin yara ne, oga yana zuwa ne ya shafa ya ce a ƙara. Na taɓa sayen takunkumi irin na lokacin korona da kuɗina, sauran yara suka riƙa ce min likita, ga zafi, na cire. Da na yi wa oga maganar sai ya ce shi da ya koya ba a ba shi ba. Ba ƙararsa nake kawowa ba, yana kyautata min ta wasu fannoni. Ina so in san wanne ne na gaske, in tara in saya.

Anti Nas:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi magana. Shuɗin nan na asibiti ba don ƙura aka yi shi ba, gefensa a buɗe yake. Ƙyalle ma manyan kawai yake tarewa. Ka nemi wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, in ka samu FFP3 ya fi. Mai igiya biyu da ke zagaya ƙeya, da ɗan ƙarfe da ake matsewa a karan hanci. In ka saka, ka rufe shi da tafin hannu ka fitar da numfashi, idan ka ji iska a idonka ko kumatunka bai zauna ba. Mai ɗan bawul a gaba ya fi sauƙin zafi. Idan ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a canja, ba a wanke shi. Kuma ba ya tare warin tina da fenti, feshi yana da nasa na roba mai gwangwanin gawayi.

Kafintan Na'ibawa:
Ƙanena, saye ba naka ba ne, na maigida ne, kamar yadda samfefar ma ba kai ke saya ba. Ni ma sai yau na ga nawa sakacin. Ka nuna wa ogan naka wannan hirar cikin ladabi, in ya ga dama ya kira ni mu yi magana a matsayin abokan sana'a.

Anti, wata tambaya. Ina da gemu cikakke, kuma ba zan aske ba. Takunkumin zai yi min aiki?

Anti Nas:
Ba zan ɓoye maka ba, ba zai kama fuska yadda ya kamata ba, iska za ta bi ta cikin gashin. Zai rage, amma kada ka dogara da shi. Akwai wani mai kama da hular kwano da ke rufe kai gaba ɗaya, da 'yar fanka mai batir da ke turo tatacciyar iska, shi ba ruwansa da gemu, sai dai tsada da wuyar samu. Don haka a wurinka durom ɗin nan da fitar da guga waje su ne kan gaba, takunkumi ƙari ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a, na goge saƙo biyu da aka ambaci sunan wani shago. A yi gyara ba tare da tozarta kowa ba. Ɗan Panteka, in da hali ka turo hoton durom ɗin da awonsa, mutane da yawa sun tambaye ni ta gefe.

Kafintan Na'ibawa:
Salam. Na dawo da bayani bayan kwana tara. Daren da muka yi maganar nan na gwada tocilar Injiniya, minti 20 bayan an kashe inji. Na kira yaran duka suka kalla, babu wanda ya ce uffan. Washegari ba sai da na yi wa kowa faɗa ba kafin ya saka takunkumi.

Mun je asibiti ni da yaron. Kakinmu ba tarin fuka, alhamdu lillahi. Ni an ba ni abin shaƙa, an kuma rubuta min gwajin ƙarfin huhu a asibitin koyarwa ranar Talata. Yaron an ce hancinsa ne ya kumbura ta ciki, na ɗauke shi daga guga na mayar da shi wajen haɗawa, gugar kuma yanzu karɓa-karɓa ake yi a rumfar da na kafa ta gefen fili, ba ta gefen maƙwabta ba. Fankar sama na kashe ta, shara da ruwa. Baba, madarar ma ban daina saya musu ba, suna sha da burodi.

Durom na samu. Ɗan Panteka, injin yankana ƙasansa a buɗe yake, ta ina zan haɗa bututun?

Ɗan Panteka:
Ka rufe ƙasan da falange ta kowane gefe ya zama akwati, ka karkata gindinsa zuwa kusurwa ɗaya, a nan za ka fasa hudar inci 4. Ka bar 'yar kafa ta ɗaya gefen don iska ta samu hanyar shiga, kuma kada ka rufe motar a ciki, za ta yi zafi. Turo min hoton injin ta gaba da ta baya, da awon tsayinsa daga ƙasa, in zana maka a takarda yau da daddare in sha Allah.